'Yar Ungulu da Hannun Yaya

Kwanakin baya wata mota ta banke akuya a bakin lungunmu. Kafin a samo mai wuƙa ta riga ta mutu, sai aka ja ta gefen lambatu aka bari. Ta kwana, ta wuni, ta kumbura har ƙafafunta suka miƙe, ƙudaje suka lulluɓe ta, duk mai wucewa sai ya toshe hanci ya tsine wa wanda bai sani ba. Ni kuwa ina zaune a zaure, sai na ga ina ta leƙa sama. Jikata ta ce, "Hajiya, me kike nema ne a sama?" Na ce mata ungulu. Ta yi dariya, ta ce ita dai a waya kawai ta taɓa ganinta. Abin ya tsaya min a rai. A birnin da ni na tashi, da akuyar nan ba ta kai azahar ba sai ƙashi da ƙaho.

Mu gidan fawa ne. Babanmu mahauci, babansa ma mahauci, kuma ba mu san wayewar gari babu ungulu ba. Yanzu abin da ke tashin mutum da safe ƙarar janareto ne da hon ɗin masu adaidaita. Mu a lokacinmu, bayan kiran salla, sai ƙarar wasa wuƙa a kan dutse, sai kuma fuka-fukan ungulaye suna sauka a kan katanga kamar ana kakkaɓe tabarma. Sukan jeru a saman soraye da wuyansu a noƙe, suna jiran Baba ya fita su bi shi mayanka. Ba wanda yake son su, ba kuma wanda yake taɓa su. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, in ta ga yara sun ɗauki dutse takan ce, "Ku ajiye. Su ne masu sharar garin nan, kuma ko ɗan tsako ba su taɓa kashe muku ba. Abin da ya riga ya mutu suke ci." A bayan gidanmu akwai kududdufi, a bakinsa kuma akwai wani rimi wanda in ka ɗaga kai za ka kalli ƙarshensa sai ɗankwalinka ya faɗi. Can sama ungulayen suke sheƙa. Yau an cike kududdufin da shara an jera shaguna a kai, inda rimin yake kuwa wani mai faci ne yake zama.

Ina da wa guda ɗaya, ɗan farin Innarmu, ya girme ni da nisa. Yaya ya iya fiɗa tun yana ƙarami, in ya kama rago kafin ka juya ya zare fatar babu ko huda ɗaya. Amma zuciyarsa ba ta wajen fawa. Ya shiga 'yan tauri. Yaran yanzu in an ce tauri sai su ɗauka masu ƙwacen waya ake nufi. A'a. Waɗancan samari ne da suke shan magani su ce ƙarfe ba ya cin jikinsu. In aka buga musu gangi sai su fito da warki da layu, su zaro wuƙaƙe suna gurzawa a ciki da wuya da harshe, suna kirari har idanunsu su yi jawur. Babbansu a unguwarmu wani ƙato ne da ake kira Tsitaka, mai karnukan farauta da yawa. Baba ya yi faɗa, ya yi nasiha, akwai ranar da ya kama Yaya da igiyar ɗaure sa ya yi ta zabga masa har igiyar ta tsinke. Yaya bai yi kuka ba, bai kuma daina ba.

Ranar da abin ya faru sanyi ya fara ja baya. Inna ta aike ni bakin kududdufi da tukwane da wani babban masaki in wanke. Ina durƙushe ina goge baƙin tukunya da toka, sai ga samarin sun jawo mushen jaki da igiya har gindin rimi. A lokacin ban san dalili ba. Daga baya na ji cewa suna da gaba da 'yan taurin wata unguwa, za su haɗu a dajin farauta, wani boka kuma ya ce musu in suna son maganinsu ya ƙara ƙarfi su kawo masa kawunan ungulu, da ɗanta guda mai rai wanda bai fara tashi ba. Suka farke cikin jakin, suka barbaɗa garin taba a ciki, suka koma gefe suka riƙe karnukansu suka yi shiru.

Ungulaye suka fara saukowa ɗaya-ɗaya, sannan tari guda. Suka ci, suka ci. Can sai na ga suna tangaɗi kamar masu maye, wannan ta buɗe fiffike ta kasa tashi, waccan ta kife da ka. Sai mai gangi ya buga. Har yau in na ji ana dukan katifa da sanda sai gabana ya faɗi. Samarin nan suka afka musu da gora suna ihu, ana jin ƙashi yana karyewa. Wanda ya kayar sai ya take fiffiken da ƙafa, ya kama wuyan ya datse kan da wuƙa ya jefa a buhu. Gangar jikin takan ci gaba da bugun ƙasa babu kai, har sai kare ya zo ya cafke ya girgiza. Gashi ya cika wurin, jini ya gangaro ta ƙarƙashin tukwanena ya shiga ruwa.

Sai na ɗaga kai na ga Yaya a saman rimin. Ya kafa turaka a jikin itacen ya hau, da doguwar sanda a hannunsa yana tunkuɗo sheƙa. Ƙirare suna zubowa, ƙwai yana fashewa a ƙasa. Daga cikin wata sheƙa wani abu ya faɗo yana bugun rassa, ya dira a kan jujin toka kusa da ni. Kafin in gane mene ne, wani jan kare ya riga ni, ya kama shi a fiffike ya fara ja. Ban san lokacin da na ɗauki tukunya na rotsa wa karen a ka ba. Ya saki ya gudu yana kuka. Na jawo masakin na kife a kan abin, na ɗora sauran tukwanen a kai, na ci gaba da guga.

Tsitaka ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ina ɗan ya faɗa?"

Yaya ya leƙo daga sama. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya ga komai. Sai ya ce, "Ina jin cikin ruwa ya faɗa."

Suka tura karnuka cikin ruwan, suka yi ta laluben gefe, ba su sami komai ba. Da suka tafi da buhunsu na ƙunshe 'yar ungulun a zanena na shiga gida ta baya, na wuce ɗakin Iya kai tsaye.

"Ke, wace irin masifa kika kwaso mana?" in ji Iya. Amma tana faɗa tana ajiye kaɗinta. Muka shimfiɗa ta a kan tsumma. Ban taɓa ganin halitta mai muni irinta ba. Girmanta ya kai na kaza, fuska tsirara, jiki duk gashin tsako launin ƙasa, ƙwarƙwata tana yawo a ciki. Ƙafa ɗaya ta karye tana reto, fiffike kuwa kare ya yage shi har ana ganin farin ƙashi. Ina kai hannu sai ta kwaro min amai mai wari a jiki. Iya ta yi dariya ta ce, "Makaminta ke nan, ba ta da wani. Wanke hannunki ki kawo min ruwan ɗumi da gishiri." Ta wanke raunin, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta shafa man kaɗanya a gefe. Sannan ta tsaga sillen kara, ta sa na riƙe tsuntsuwar a cinyata na rufe mata ido, ta ja ƙafar har na ji ƙashin ya koma, ta sa audugar rimi ta ɗaure da zaren da take kaɗi. Tsuntsuwar ba ta yi ko ƙara ba, sai zuciyarta da nake ji tana bugawa a tafin hannuna. Muka sa ta a wani tsohon akurki a bayan ɗakin Iya.

Yanzu in kyanwar mutum ta yi tari sai a ɗauke ta a mota a kai wa likitan dabbobi, a dawo da kwalabe. Mu abin da muke da shi Iya ce da haƙurinta. Tsuntsuwar ta ƙi ci. Ta rufe ido, wuyanta ya langaɓe, ta kama zawo, jikinta ya yi zafi kamar an fito da shi daga murhu. Na kawo mata tsokar nama ta kau da kai. Iya ta ce, "Ai uwarta ba haka take ba ta ba. Sai ya yi laushi a cikinta take amayo mata." Sai muka koma daka hanta a ƙaramin turmi, mu ajiye a rana ta yi ɗumi, in lakato da yatsa in riƙa taɓa gefen bakinta. Ruwa kuwa da gashin kaza nake ɗiga mata. Da raunin ya fara tsutsa, ni nake zama da tsinke ina ciro su ina zubawa a toka, Iya tana sake wankewa da ruwan gishiri. Sau da yawa nakan je da safe ina zaton gawa zan tarar. Wata safiya ina kai mata yatsa sai ta buɗe ido ta cafke hantar har da fatar yatsan nawa. Jini ya zuba, ni kuwa na ruga ina murna ina nuna wa Iya.

Inna ba ta so ba ko kaɗan. "Gidan musulmi a ajiye mai cin mushe? Wallahi in ta taɓa min kwano sai na fasa shi." Duk inda na bi da tsuntsuwar sai ta biyo da ruwa da tsintsiya. Baba kuwa da ya ji labari ya zo ya tsaya a gaban akurkin ya daɗe. Ya riga ya ga abin da aka yi a gindin rimi, ya kuma san wanda ya hau. Washegari da ya dawo daga mayanka sai ya jefo wani ƙunshin ganye kusa da ni ya wuce. Huhu ne da guntayen hanta. Daga ranar bai fasa ba.

Yaya ne matsalar. Ya same ni a bayan ɗaki ya shuri akurkin har ya kife. Ya ce, "Kin ɗauka don tsuntsuwarki na yi shiru? Don kada ƙarti su sa miki hannu ne. Ki fitar da ita daga gidan nan, ki jefa a kududdufi." Na ce ba zan jefa ba. Ya ɗauke ni da mari har na ga wuta. Iya ta leƙo ta taga. Ita maigida take kiransa, irin wasan kaka da jika, amma ranar babu wasa a muryarta. Ta ce, "Maigida, ka kashe iyayen, ka rusa gidan. Wannan ɗin a ɗakina take. In ka isa ka shigo." Ya juya ya fita.

Aka yi farautar. Aka kuma yi haɗuwar da ake jira, ba ta yi kyau ba. An dawo da ɗaya daga cikin samarin unguwarmu a kafaɗa, an farke masa ciki, bai kai gida da rai ba. Bokan ya ce ai laifinsu ne, ba su cika sharaɗi ba, babu ɗan ungulu. Kafin nan kuwa yaran maƙwabta sun gama yaɗa cewa a gidan mahauta akwai gurguwar ungulu a akurki.

Bayan azahar suka zo, Baba yana kasuwa. Muka ji gangi a ƙofar gida da haushin karnuka. Yaya ne ya fara shigowa shi kaɗai, idanunsa sun kumbura, don wanda ya mutun abokinsa ne tun suna makarantar allo. Ya ce, "Ba ni ita." Na ruga na kwanta a kan akurkin na rungume. Ya kama hannuna ya ja, na ƙi saki. Ya zaro bulalar fata ya fara zuba min a baya da cinya, yana cewa, "Saki! An kashe mutum, ke kina rungume da tsuntsu! Saki!" Ina ihu, tsuntsuwar tana bugun akurki a ƙarƙashina, Iya ta fito da sandarta tana kiran sunan Allah.

Sai Tsitaka ya gaji da jira. Ya ratso zaure ya shigo tsakar gida da wasu samari a bayansa, babu sallama. Yanzu mai gyaran wuta da mai kawo ruwa duk har ƙofar ɗaki suke zuwa, ba wanda zai ga abin mamaki. A wancan lokacin baligi baƙo ya wuce zaure ya iske mata, daidai yake da ya tsaya a kasuwa ya zagi gidan gaba ɗaya. Inna ta ja mayafi ta faɗa ɗaki. Iya kuwa ta tare masa hanya. Ta ce, "Kai ɗan gidan wa ne? Koma inda ka fito, mara kunya." Bai ko dube ta ba, ya sa damtse ya ture ta. Ta faɗi a kan dutsen niƙa, goshinta ya fashe, jini ya rufe mata ido.

Yaya ya sake ni. Ya ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya, "Iya ka taɓa?"

Ya suri taɓarya. Na farko da ya tare shi ya samu a kafaɗa, na ji ƙashin ya yi ƙas, yaron ya zube yana kururuwa. Sauran suka ja baya. Tsitaka ya zaro adda ya kawo sara daga sama. Yaya yana da sarari ya kauce, na gani da idona. Bai kauce ba. Ya saki taɓaryar ya ɗaga hannunsa na dama ya tare addar, don ya yarda har cikin ransa cewa ƙarfe ba zai ci shi ba. Ƙarar da na ji irin wadda nake ji ce in Baba yana sara ƙashin sa a kan kututture. Jini ya yi tsalle ya fesa a bangon ɗakin Inna. Yaya ya tsaya yana kallon hannun da bakinsa a buɗe, ba zafi ne a fuskarsa ba, mamaki ne. Tsitaka ya ɗaga addar zai ƙara. Sai Yaya ya zaro wuƙarsa da hagu ya kai masa yanka a fuska, daga kunne har gefen baki. Lokacin nan mata sun cika katangu da ihu, mahauta maƙwabtanmu suka ɓarko da wuƙaƙensu na aiki. Samarin suka kwashi na ƙasa suka gudu, suka bar gangin a zaure. Daga baya 'yan doka suka kama Tsitaka, ba mu sake ganinsa a unguwa ba.

Iya da jini a fuskarta ta rarrafo ta ce, "Maigida, miƙo hannun nan in gani." Ya ƙi. Aka ce a kai shi asibiti, ya ce, "Ɗan tauri a asibiti ana ɗinke shi kamar buhu? Gara in mutu." Wani abokinsa ya zo ya cusa masa maganinsu a cikin saran, ya naɗe da tsumma tun daga yatsu har gwiwar hannu, ya ce kada a kwance, kada mace ta gani. Baba, da haushi ya cika shi, ya ce, "Ku rabu da shi. Ai ƙarfe ba ya cinsa." Inna kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta zama kusa da shi. Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba tun da ta haife shi. Sai dai ta dama kunu ta ba ni in kai, ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare ko ya sha.

Zafi ya shigo. Yaya ya koma kwanciya a ƙarƙashin rumfa, duk wanda ya tambaya sai ya ce da sauƙi, yana warkewa. Ita kuwa tsuntsuwar an kwance mata ɗori, ƙafar ta haɗe a karkace, baƙin gashi ya fara fito mata, tana ɗingishi a tsakar gida cikin kaji. Wani wari ya fara tashi a gidan. Inna ta ce na ungulu ne, kowa ya yarda, har ni. Na yi ta share akurki ina zuba toka, warin bai tafi ba.

Wata rana da tsakar rana Yaya yana barci, zufa tana karyo masa. Na ajiye wa tsuntsuwar huhu a kasko. Ta wuce kaskon, ta wuce 'yan tsaki, ta ɗingisa har rumfa ta kama tsumman hannunsa ta fara ja. Na kore ta. Ina juyawa ta koma. Na sake kora, ta sake komawa, wannan karon ta cusa baki cikin naɗin tana fizga. Yaya ya farka a firgice, ya damƙe ta da hagu ya maka ta da bango. Na ruga na ɗauke ta ina kuka. Sai na lura Iya ta daina kaɗi, tana kallon hannun nan ba ta ko ƙiftawa.

Ta ce da ni, "Ajiye ta. Tun da ta zo gidan nan kin taɓa ganin ta bar nama a kasko ta bi jikin mutum? Ruga kasuwa ki ce da babanku in ji ni ya bar naman ya taho, ya zo da maza."

Sai da maza suka danne shi, yana zagi yana shure-shure, sannan Baba ya sa wuƙa ya yanke tsumman. Fatar ta biyo tsumman. Yatsun sun yi baƙi ƙirin, saran ya buɗe ya yi kore, tsutsa tana motsi a ciki, baƙin kuma ya fara hawa sama da gwiwa. Ɗaya daga cikin mazan ya juya ya yi amai. Baba, wanda duk rayuwarsa nama yake dubawa, ya danna wurin da yatsa, ya ɗago, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Naman nan ya mutu. Inna lillahi. Ni na ce a rabu da shi." Aka jawo amalanken da ake ɗauko nama aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da shi. Suna fita Inna ta yar da mayafi ta bi su har zaure tana kiran sunansa da ƙarfi. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

A asibiti aka yanke hannun daga damtse. Likitan ya ce da an ƙara kwana kaɗan, da ba hannu za a yi magana a kai ba.

Da ya dawo gida ya rame har ban gane shi daga nesa ba. Na ɗauke tsuntsuwar na ɓoye a ƙarƙashin gadon Iya, don na tabbata in ya gan ta kashe ta zai yi. Ya cire layunsa da kansa ya zuba a murhu. Bayan nan ya daina magana. Yakan zauna a rumfa ya juya fuska ga bango daga safe har yamma, abokansa su yi sallama ya ƙi fita. Baba yakan tsaya a bayansa kamar zai yi magana, sai ya wuce. Iya ta yi ta tsokanarsa da maigida, maigida, ko murmushi babu.

Wata safiya ina shara sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ke. Ina gurguwar nan?"

Na ce ta tafi.

Ya ce, "Ƙarya kike, ina jin motsinta. Fito da ita. Ki kawo min wuƙa."

Na kalli Iya. Ta ɗaga min kai. Na fito da tsuntsuwar na riƙe ta a ƙirjina, na miƙa masa wuƙar. Ya karɓa da hagu ya juya ta, ya gwada kaifin a gefen tabarma. Sannan ya ce, "Ina huhun da Baba ya kawo?" Na turo masa kaskon. Ya ɗora huhun a kan katako ya sa wuƙa, naman ya sulluɓe ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake, ya sake sulluɓewa. Ya kalli wurin da hannunsa yake a da. Can ya ce, "Ajiye ta, ki riƙe min nan."

Na riƙe, ina tsoron yatsuna. Yanka ne irin wanda ko yaro ba zai yi ba, wani ƙato, wani kamar zare. Ita ba ruwanta, ta haɗiye duka ta miƙo wuya. Washegari ma ya ce in riƙe masa, jibi ma haka. Bai taɓa ce min yi haƙuri ba a kan bulalar nan, ni ma ban nema ba. Kullum da safe mukan zauna, ni ina riƙe da nama, shi yana yanka, ita tana ɗingishi a tsakaninmu. A hankali yankan ya daidaita. Ya kafa ƙusa a katakon yana soke naman a kai, ya daina buƙatar hannuna. Ita ma a hankali ta fara buɗe fuka-fuki tana tsalle, ta hau turmi, ta hau katanga, ta hau saman soro. Kafin ruwan farko ya sauka, wata safiya na fito da kasko ban gan ta ba. Na yi kuka na ƙoshi.

Ba a daɗe ba Yaya ya fara bin Baba mayanka. Wata rana ya dawo da hantsi, tun daga zaure yake ƙwala min kira.

"Na ga gurguwarki!"

Na ce, "A ina? Ka tabbata ita ce?"

"Wa zai kasa gane wannan tafiyar? Tana bayan mayanka cikin 'yan'uwanta."

"Ta gane ka?"

Ya ce, "Ina fa! Na yi ta kira, na jefa mata tsoka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tana can tana kokawa da manya a kan hanji, sai da ta fizge rabonta ta gudu da shi." Ya fashe da dariya, irin wadda rabon da a ji ta a gidan nan tun kafin ya shiga tauri, har sai da ya dafa bango.

Iya daga cikin ɗaki ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ta warke ke nan."

Yaya ya zauna a tabarma, ya miƙo min hannunsa na zuba masa ruwa ya wanke, ya ɗaga murya ya ce da Inna yunwa yake ji.